Daga Sassaƙen Gizago Zuwa Ƙurar Inji: Yadda Aikin Itace Ya Sauya a Mashi

Turmin ƙirya mai kyau yakan ga jikokin matar da aka saya wa shi. Kafin ya zama turmi gungume ne wanda sai ƙarti sun taru a kansa, kuma kaso mai yawa na jikinsa a sassaƙe yake tafiya. Masassaƙi zai mirgina shi inuwa, ya fere bayansa da gatari, sannan ya ɗauko gizago ya shiga rarake cikinsa, sara bayan sara, har ramin ya yi zurfin da taɓarya za ta samu wurin zama. Abin da ke zuba a ƙasa manyan ɓaraguzai ne, ɗanyu, masu ƙanshin itace. Da yamma yara su kwashe su kai gida, in sun bushe a hura wuta da su. Sassaƙen gizago ba abin da ke shiga hanci ba ne.

Haka aikin itace ya daɗe a ƙasar Mashi. Garin yana kan hanyar Katsina zuwa Daura, ƙasarsa kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. A sarauta gunduma ce ta masarautar Katsina, hakiminta yana riƙe da sarautar Iyan Katsina; a siyasa kuwa cikin shiyyar Daura ake lissafa ta. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, kuma duk inda ake noman gero, masassaƙi ba ya zaman banza. Ƙotar hauya da ta gatari tasa ce. Turmi da taɓarya da muciya da akushi da kujera 'yar tsugunno nasa ne, haka komin shayar da dabbobi, da allon almajiri, da kangon ganga da na kalangu. Sana'ar gado ce, tana da Sarkin Sassaƙa kamar yadda maƙera ke da Sarkin Maƙera, kuma yawancin masu yin ta manoma ne da damina, sai an kai amfani gida su ɗauki gatari su shiga daji.

Ilimin sana'ar rabinsa sanin itatuwa ne. Ƙirya ta turmi ce da taɓarya saboda taurinta, gawayinta kuma shi maƙera suka fi so, don haka maƙerin da ya ƙera gizago da masassaƙin da ya yi masa ƙota a bishiya ɗaya suke haɗuwa. Aduwa ana yin allo da ita. Alilliba ta makaɗa ce, don ba ta da nauyi kuma tana fitar da amo. Kanya da marke da maɗaci kowanne da inda ya fi dacewa. Gini ma bai buƙaci katako ba: tubali ne da azarar giginya ko ta goruba, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba, kuma azara tsaga ta ake yi da gatari, ba yanka ta ake yi da zarto ba.

Ba wai sana'ar ba ta da haɗari ba ne. Gizago yana zamewa ya sami ƙafa, bishiya tana faɗowa inda ba a nufa ba, akwai maciji a kogo, akwai kuma tsohon imanin cewa wasu itatuwan, irin tsamiya da kuka, suna da masu su, ba a kai musu sara kai tsaye. Amma duk haɗurran nan a fili suke, mutum yana ganin su ko yana tsoron su. Abubuwa uku sun kare ƙirjin masassaƙi ba tare da ya nema ba: itacen ɗanye ne, makamin yankawa yake yi ba gurzawa ba, wurin aikin kuma sarari ne da iska ke ratsawa. Cikin shekara ɗari duka ukun suka kau, ɗaya bayan ɗaya.

Zarto da katako tare da Turawa suka iso. A 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Katsina ta miƙa wuya ba a yi yaƙi ba, a 1906 kuma aka ba Muhammadu Dikko sarautar Katsina. Sabon mulkin yana son abubuwan da gizago ba zai iya yi ba: teburin ofis, bencin makaranta, kantar ajiye takardu, ƙyauren taga, akwatin kuɗin haraji. Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai sashen koyon sana'a a ciki, kuma aikin kafinta na daga abin da aka koyar. Ma'aikatun ayyuka na En'e su ma sun zama makarantu, inda yara suka koyi awo da inci da ƙafa a hannun kafintocin da da yawansu daga Kudu suka zo.

Katakon kansa ba na nan ba ne. Dajin ƙasar Katsina ba ya fitar da dogayen itatuwa miƙaƙƙu da za a tsaga falankin ƙafa 12, saboda haka daga kurmin Kudu ake kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda da ya ratsa Funtuwa ya kammala a 1929, amma birnin Katsina da Mashi da Daura ba su ga dogo ba, sai dai motocin lori su ƙarasa da kaya. (Sai a Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya.) A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin African Timber and Plywood, reshen UAC, ya kafa babbar masana'antarsa a Sapele, daga nan sunaye irin su obeche da iroko da mahogani suka shiga bakin 'yan katakon Arewa. Rufin kwano ya ƙara wa abin kasuwa, domin duk ɗakin da aka yi wa kwano sai an kafa masa katako, sai an buga ƙusa.

Mashi ta samu nata rabon a wannan tarihin ta hanyar makaranta. Wajen lokacin samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantun koyon sana'a a larduna: ta Kano a Wudil, ta Zazzau a Soba, ta lardin Katsina kuma a Mashi. Ita ce daga baya ta zama Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke garin har yau. Yaran da suka fito daga ƙauyukan da ba a san komai ba sai gizago suka koyi riƙe zarto, da haɗa gaɓar katako ba ƙusa, da karanta zane a takarda.

Kafintan wancan zamani, duk da busasshen katako yake aiki, ƙurarsa ba ta kai ta kawo ba. Zarton hannu gari mai kauri yake zubarwa a gindin benci. Abin fere katako na hannu siraran ɓawo yake fitarwa masu nannaɗewa. Samfefa ma da hannu ake goga ta, kuma hannu yana gajiya. Gajiyar nan ita ce ta kayyade yawan ƙurar da mutum zai iya tayarwa a yini.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ɗakin amarya. Kayan ɗaki nauyi ne a kan iyayen yarinya, kuma kowane zamani da abin da ake ganin fita kunya ne. An yi yayin gadon ƙarfe na Vono mai rumfa, da jeren kwanoni da tasoshi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, ya kawo gadon katako mai fomeka da kabad mai gilashi da kujerun kushin. Aka ƙirƙiri Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba 1987, aka shiga gina ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata. Oda ta fi ƙarfin zarton hannu. Injin tsaga katako da injin fere shi suka cika kasuwannin 'yan katako, irin ta Na'ibawa a Kano, sannan ƙananan injinan hannu suka bazu har shagunan ƙananan garuruwa, ga janareta a gefe saboda wutar NEPA, wadda tun 2013 ta koma hannun KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Inji kuma kaya ne mai tsada da ake tsoron a sace ko ruwa ya taɓa, don haka aiki ya tashi daga gindin bishiya ya shige shago mai bango uku da ƙofar ƙarfe.

Su kuwa masassaƙa ba su ɓace ba, ana ganin turamensu a kasuwannin mako. Itacen ne ya gudu ya bar su. Fari na 1973 da na 1984, da faɗaɗa gonaki, da saran itacen girki sun rage ƙirya ƙwarai, har da yawa suka koma sassaƙa bedi, wato dogon yaro, baƙon itace daga Indiya da aka fara shukawa a Borno a 1928.

Sauyi na baya-bayan nan a shagon kafinta shi ne MDF, allon da aka fara yi a Amurka a shekarun 1960 ta hanyar niƙe itace a kwaɓa shi da gam a matse. Yana zuwa a faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, sumul, ba ƙulli ba tanƙwara, shi ya sa ya mamaye gadaje da sif-sif na amare. Amma abin da aka yi da gari, in aka yanka shi gari yake komawa, mai laushin da ya wuce na katako, ga kuma gam ɗinsa mai sinadarin fomaldihaid. A kan wannan ƙara wata al'ada ta shagunanmu: injin gurza ƙarfe irin na masu walda, a cire masa dutse a ɗaura faifan samfefa. Yana juyawa sau dubbai a minti, ba shi da jakar tara ƙura, duk abin da ya gurzo a fuskar mai riƙe da shi yake watsawa.

Ana auna ƙwayar ƙura da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Manyan ƙwayoyi nan take suke faɗuwa. Mai maikiron 10 takan yi mintuna tana shawagi kafin ta sauka, mai maikiron 1 kuwa sa'o'i take yi ko da iska a tsaye take. Mafi yawan ƙurar katako a hanci da kogunan da ke bayansa take maƙalewa, mafi laushin ta wuce maƙogwaro ta shiga huhu. Dokar Ingila ta kayyade cewa ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo da zurfin iska a aikin awa 8, Tarayyar Turai kuma ta sauko da nata zuwa miligiram 2 tun Janairun 2023. A shago mai faɗin mita 4, tsawon mita 5, tsayin mita 3, miligiram 3 ɗin nan jimillarsa miligiram 180 ne a iskar ɗakin gaba ɗaya, bai kai rabin abin da aka rubuta a jikin ƙwayar farasitamol ɗaya ba. Alhali zarton inji mai kaurin milimita 3, in ya tsaga falanki ɗaya mai kaurin inci 1 da tsawon ƙafa 12, yana mayar da kimanin giram 150 na katako gari. A ƙaddara kashi 1 cikin 100 kaɗai ya tashi sama. An riga an ninka ƙa'idar sau takwas da yanka ɗaya.

Kuma ƙirjin ɗan Mashi ba hutacce ba ne tun farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza ta a kan ƙasar Hausa, kuma wannan lokacin, bayan kaka, shi ne lokacin bukukuwa da odar kayan ɗaki.

Garin da ya fara nuna wa duniya illar wannan ƙurar tarihinsa ya yi kusa da na Mashi ƙwarai. High Wycombe gari ne a yammacin Landan wanda ya yi suna da kujeru. Asalin masu sana'ar a cikin daji suke kafa bukka, su sare itace, su fere ƙafafun kujera tun yana ɗanye da injin da ake takawa da ƙafa. Daga baya aikin ya koma masana'antu, da busasshen katako, da injinan gurza. A farkon shekarun 1960 wata likitar kunne da hanci da maƙogwaro a garin, Esme Hadfield, ta lura cewa wani nau'in sankarar kogon hanci, wanda likita kan yi shekaru bai gamu da shi ba, yana ta zuwa mata, kuma masu shi kusan duk masu aikin kujeru ne. Ronald Macbeth na Oxford ya wallafa bayanin a 1965. Donald Acheson da abokan aikinsa, har da ita Hadfield, suka bi diddigin lamarin suka fitar da sakamako a 1968: cutar ta fi yawa ninki ɗaruruwa a tsakanin masu aikin katako fiye da sauran jama'a. A 1969 gwamnatin Ingila ta sa ta cikin cututtukan sana'a da ake biyan diyya a kansu, a 1995 kuma hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne tazarar lokaci. Tsakanin fara shaƙar ƙurar da bayyanar cutar akan samu kimanin shekara 40. Wasu masu cutar ma sun daɗe da barin sana'ar. To, a shagon kafinta a Mashi ko Katsina ko Maraɗi, wa ake miƙa wa samfefa? Ba maigidan shago ba, shi yana awo da yanka da ciniki. Ƙaramin yaron shago ne, ɗan shekara 13 ko 14, domin gurza ita ce aikin da ba ya buƙatar gwaninta. Aikin da ya fi ƙura an ba wanda ya fi kowa sauran shekarun da cutar ke buƙata.

Kada a tsorata mutane fiye da kima: wannan sankarar ba kasafai ake samun ta ba, ko a cikin kafintoci. Abin da ya fi yawa shi ne mura da ba ta ƙarewa, toshewar hanci, jan ido, ƙaiƙayin fata, tari, da asma. Obeche da iroko, katakan da Nijeriya ta yi suna da su, suna cikin waɗanda likitocin duniya suka sani da tayar da asma. Maganin da aka fi sani a shago kuwa shi ne gwangwanin madara bayan an tashi aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuma tana huhu da hanci, hanyoyinsu ba ɗaya ba ne. Tana da daɗi, tana ƙara ƙarfi, amma ba ta wanke komai.

Abin da ke rage ƙurar shi ne injin zuƙar ƙura, amma ba don lafiyar kafinta aka fara ƙera shi ba, tsoron gobara ne ya haife shi. A ranar 2 ga Mayu 1878 ƙurar fulawa ta kama wuta ta tarwatsa masana'antar niƙa ta Washburn a Minneapolis ta Amurka, mutum 18 suka mutu. Masu niƙa suka bazama neman hanyar raba ƙura da iska. A 1885 John Finch na Amurka ya yi rajistar dabarar juya iska don raba ta da ƙura, wadda daga baya aka sauƙaƙa ta zama haka: tulun ƙarfe mai siffar mazurari, a turo iska mai ƙura ta gefensa na sama, ta riƙa juyawa tana yin guguwa a ciki. Juyawar tana jefa ƙura jikin bango, ta sulale ƙasa cikin duro, iskar kuma ta fice ta bututun tsakiya. Ba shi da ƙyalle, ba abin da ke motsi a cikinsa, ba abin da zai toshe. Masu tsaga katako suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma irinsa James Dyson ya gani a wata masana'antar katako a ƙarshen shekarun 1970 ya ƙanƙantar da shi ya zama injin shara na cikin gida. Haɗarin wutar bai zama tarihi ba: a ranar 17 ga Yuli 2015 wata masana'antar niƙa garin katako ta fashe a Bosley ta Ingila, mutum 4 suka rasu.

Mazurarin guguwa yana kama mai kauri da matsakaiciya, amma mafi laushin tana bin iska ta fice. Don ita aka yi matatai. Na farko buhun ƙyalle ne, kuma har yau shi ke kan yawancin ƙananan injinan da ake sayar wa masu shago: fanka, buhu a ƙasa mai tara gari, buhu a sama mai sakin iska. Matsalar ita ce buhun sama na masu araha yawanci ƙurar da ta kai maikiron 30 yake tarewa. Mai shago zai ga ƙasa tsaf, buhu ya cika, ya ɗauka ya rabu da ƙura, alhali injin ya kwashe wadda da ma faɗuwa za ta yi, ya hura mai cutarwar ta ramukan ƙyalle daidai tsayin hanci. Ana iya gane haka da tocila: a rufe ƙofa, a kashe fitila, a haska jikin buhun injin yana aiki.

Gyaran da masu sana'ar suka gano a hankali ba wani asiri ba ne. Ana cire buhun sama a sa mataci mai ninki-ninki, irin tsarin na iskar babbar mota, wanda ke tare ƙura har maikiron 1 ko ƙasa da haka. Ninkin yana ba shi faɗin da ya ninka na buhu sau da yawa, don haka iska tana wucewa ba tare da fankar ta shaƙe ba. Amma mataci mai laushi saurin toshewa yake yi in aka bar shi da ɓaraguzai, shi ya sa ake sa mazurarin guguwa a gabansa ya kwashe mafi yawa. Mafi ingancin matatai, wanda ake kira HEPA, an samar da shi a shekarun 1940 a aikin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, kuma yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu maikiron 0.3. Duk da haka mataci ba ya tace abin da bai iso gare shi ba. In bakin zuƙar yana nesa da inda zarto ke ci, ko tiyon ya yi tsawo da lanƙwasa, ko an sa bututun inci 2 inda ake buƙatar na inci 4 (ramin na farkon kashi ɗaya cikin huɗu ne na na biyun), ko akwai ɓula a mahaɗar buhu da ƙarfe, to kuɗin matacin asara ne.

A nan kafintan Mashi yana da wata sa'a da takwaransa na Ingila ko Kanada ba shi da ita. Su suna mayar da iskar da aka tace cikin ɗaki ne saboda sanyi; in suka hura ta waje, ɗumin da suka saya da kuɗi suka zubar. Dole ta sa su sayen mataci mai tsada. A Mashi ba mai neman riƙe ɗumi a shago. Ana iya kafa fanka da mazurari a bayan bango, bututu ya ratso ciki zuwa bakin inji, ragowar ƙura mai laushi ta fita waje, muddin ba a kan tagar maƙwabci ko rumfar mai abinci ko hanyar 'yan makaranta aka saita ta ba, kuma an lura cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Ƙera kayan ma ba sai an je Legas ba. Masu waldar da ke haɗa injinan casar gero da masara sun riga sun saba da yin fanka mai hura iska da lanƙwasa farantin ƙarfe. Mazurari da duro ba su fi ƙarfinsu ba. Babban cikas shi ne wuta, domin injin zuƙa mai amfani yana cin kusan abin da zarton kansa ke ci, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowane mai janareta yana lissafin lita.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi na mai. Gurza a fito da ita waje, mai yi ya ba iska baya. Shara a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya. Kakkaɓe riga da benci da iskar kwamfireso, wanda yara ke jin daɗinsa, yana mayar da ƙurar da ta riga ta kwanta cikin iska ne, gara a bar shi. Takunkumin ƙyalle da aka saba da shi tun annobar korona ta 2020, ko rawani a ja shi kan hanci, manyan ƙwayoyi kawai yake tarewa. Mai lambar N95 shi aka yi don mai laushi, shi ma sai ya kama fuska ba ɓula, abin da gemu mai yawa ke hanawa.

Doka ta san da maganar. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta a sa na'urar janye ƙura kusa da inda take tashi, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa da cututtukan da sana'a ke jawowa. Sai dai da masana'antun Bompai da Sharaɗa a zuciya aka rubuta su, ba shagon da ke da maigida ɗaya da yara uku marasa takardar ɗaukar aiki ba. Inda maganar za ta fi saurin kama ƙasa shi ne wurin da ake koyar da sana'ar, wato ɗakin aikin kwalejin Mashi da ƙungiyoyin kafintoci, tunda abin da yaro ya ga maigidansa na yi shi zai yi a nasa shagon.

Garin da aka tara a duro kuma kuɗi ne. Masu kiwon kaji suna sayen buhunansa don shimfiɗa, masu abincin sayarwa suna cusa shi a murhun gwangwani ya yi ta ci a hankali, masu ƙanƙara suna rufe kayansu da shi. Wanda ya fito daga mazurari ya fi wanda aka share daga ƙasa daraja, don ba yashi ba ƙusa a ciki. Sharaɗin shi ne a ware duron MDF da na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara daban. Wannan ba ya zuwa ɗakin kaji, ba ya shiga murhun da ake dafa abinci a kai, kuma kowane duro a juye shi kafin a rufe shago, nesa da inda janareta yake.